Jirgin ruwa daga Bergen zuwa Kirkenes a cikin hunturu: ko Hajiya za ta iya?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus, mahaifiyata za ta zo min ziyara a watan Fabrairu, shekarunta sun haura 60, tana da hawan jini amma da sauƙi. Ina so in kai ta tafiyar nan ta jirgin ruwa daga Bergen zuwa Kirkenes a ƙasar Nowe don ta ga hasken nan mai launi da ke fitowa a sama. Tsorona teku ne, ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko a mota in tafiya ta yi nisa jiri take yi. Yaya ruwan yake a wannan lokaci? Kuma waɗanne dokoki ne a cikin jirgin, an ce min akwai kayan da ba a bari a shiga da su. Sannan sallah fa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da wannan niyya, ya ƙara wa Hajiya lafiya. In na fahimce ka tambayar biyu ce a haɗe: shin ruwan zai wahalar da ita har a yi da-na-sani, sannan me za a buƙata daga gare ku a cikin jirgi. Na yi aiki a jiragen fasinja na wannan gaɓa, ɓangaren kula da matafiya, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da ido ya gani ne. Ni ba likita ba ne, ba kuma malami ba ne, inda magana ta kai can zan tura ka wurin masu ita.

Abu na farko, wannan ba irin tafiyar tsallake teku ba ce da mutum zai kwana ya wuni bai ga ƙasa ba. Hanya ce ta sufuri tun 1893, lokacin da kyaftin Richard With ya fara zirga-zirga tsakanin Trondheim da Hammerfest, kuma har yau jiragen suna ɗaukar kaya da motoci da mutanen garuruwan da ke hawa su sauka a tasha ta gaba. Tashoshi 34 ne daga Bergen zuwa Kirkenes, zuwa da dawowa kwana 11, kamfanoni biyu ke yi yanzu, Hurtigruten da Havila wanda ya shigo a 2021. Mafi yawan hanyar a bayan tsibirai take, tsibiran su ne suke tare igiyar babban teku, to sai ka ga iska na kaɗawa a waje amma jirgi na tafiya sumul. Kamar titin da aka shimfiɗa wa kwalta ne sai 'yan wurare da suka fashe, kuma duk direban hanyar ya san inda suke. Wuraren nan su ne ya kamata ka haddace, domin kusan duk wahalar da ake ba da labari a cikinsu take.

Inda ruwa ke buɗewa

In kun tashi daga Bergen da daddare, washegari da sassafe za ku zagaya Stad, tsakanin Måløy da Torvik. Wani dogon hancin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku babu tsibiri a gabansa, igiya tana zuwa daga nesa, ta daki duwatsun bakin gaɓa ta dawo ta haɗu da wata, ga kuma ƙasan tekun da ba daidai yake ba, shi ya sa ruwan wurin yake hargitsewa ta kowane ɓangare. Kamar awa biyu ne. Tsabar yadda wurin ke damun matuƙa har Nowe ta daɗe tana maganar haƙa rami a cikin dutsen, mai tsawon wajen kilomita 1.7, don jirage su bi ta ciki. Ni a ganina nan ne mutane suka fi shan wuya, ba don ya fi ko'ina muni kullum ba, sai don shi ne na farko, jiki bai saba ba, mutum ya tashi daga barci ciki babu komai ya miƙe tsaye a ɗaki marar taga ya fara neman takalmi.

Daga nan sai Hustadvika tsakanin Molde da Kristiansund, a tafiyar arewa cikin dare ake wuce shi. Ruwa ne marar zurfi mai duwatsu a ƙasa. A nan ne jirgin Viking Sky injinansa suka mutu a ranar 23 ga Maris 2019 da mutum 1,373 a ciki, aka kwashe sama da 400 da jirage masu saukar ungulu kafin a samu inji ya tashi, bincike ya nuna man da ke shafa injin ne ya yi ƙasa a tankunansa, jijjigar igiya ta sa injinan suka kashe kansu. Wannan babban jirgin yawon shaƙatawa ne ba na layin da za ku hau ba, kuma ba a rasa rai ba. Na kawo maganar ne don ka gane dalilin da ya sa kyaftin zai ce yau ba mu fita, mu jira a tasha.

Bayan Trondheim akwai Folda kafin a isa Rørvik, da yamma. Sai Vestfjorden, daga Bodø zuwa Stamsund a tsibiran Lofoten, wajen awa huɗu, ta fi na baya tsawo, kuma in iskar ta fito daga kudu maso yamma igiyar tana shigowa kai tsaye. Sai Lopphavet bayan Skjervøy, cikin dare. Na ƙarshe kuma mafi tsawo shi ne gaɓar lardin Finnmark, daga Honningsvåg zuwa gabas, Kjøllefjord, Mehamn, Berlevåg, Båtsfjord, Vardø, nan babu wani tsibiri da ya tsaya tsakaninku da tekun Barents. Garin Berlevåg ma sai da aka jera masa manyan tubalan kankare masu ƙafa huɗu a bakin tasha don su karya igiya, duk da haka ranar da iska ta tsananta jirgi wucewa yake yi ba ya shiga.

Fabrairu tsakiyar lokacin guguwa ne, ba zan ɓoye maka ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iska mai ƙarfi ta fi yawa. Amma ba kullum ba ne, akwai makon da za a je Kirkenes a dawo ba wanda ya nemi ledar amai, akwai makon da za a tsallake tashoshi da dama, kuma babu wanda zai iya gaya maka tun yanzu wanne za ku samu, hasashen da ya wuce kwana uku zuwa biyar ba na dogara da shi sosai. Ƙanƙara kam ba ta rufe hanyar, ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika yana hana tashoshin daskarewa duk da yawancinsu suna can arewa mai nisa, sama da layin Aktik. In tafiya ta matso ka riƙa duba yr.no, na hukumar yanayin ƙasar ne, da kuma BarentsWatch da ke nuna hasashen igiya a hanyoyin jirage. Lura da abu ɗaya: tsayin igiyar da ake rubutawa matsakaicin manyan ne, wato kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi, jifa-jifa sai guda ta zo da ta kusa ninka wannan. In an rubuta mita 3 kada ka yi mamaki in wata ta ɗaga jirgin fiye da haka. A ma'aunin Beaufort da ake auna ƙarfin iska da shi, iska mai lamba 8 tana gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, daga nan ne za ka ga an fara rufe ƙofofin waje.

Maganar jiri

Abin da ke kawo shi, cikin kunne yana jin jiki na motsi, ido kuma yana kallon bangon ɗaki yana cewa a tsaye muke, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai tashin zuciya da zufa mai sanyi. Wanda mota ke sa wa jiri yawanci jirgin ruwa ma zai sa masa, don haka a ɗauka Hajiya za ta ji shi a wuraren da na lissafa, a shirya tun daga wurin sayen tikiti. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, mai taga. Mutane suna son ɗakin sama na gaba saboda kallo, alhali nan ne ya fi lilo. Jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage karkatar dama da hagu, amma ɗagawar gaba da faɗuwarta ba su iya mata komai, shi ya sa tsakiya ta fi. Sai dai ɗakunan ƙasa na kusa da inda ake lodin kaya suna da hayaniya da dare, tunda jirgin yana tsayawa a tashoshi har ƙarfe biyu da uku na dare, ka tambaya kafin ka biya.

Magani kuwa sai an sha shi kafin jirgi ya shiga wurin, kamar awa ɗaya zuwa biyu, in an bari amai ya fara to ƙwayar ma ba za ta zauna a ciki ba. Akwai meklizin, akwai sinarizin, akwai filastar sikofolamin da ake mannawa a bayan kunne. Duk suna sa barci da bushewar baki, kuma a jikin tsofaffi suna iya kawo ruɗewa, filastar nan ba ta dace da mai hawan jinin ido ba. Dan Allah kada ka saya mata da kanka, ku je wurin likita a Jamus da jerin magungunan da take sha ya zaɓa mata. Abin da na fi ganin yana aiki bayan magani shi ne mutum ya kwanta rigingine tun kafin a shiga wurin, ya rufe ido, ya ci ɗan abu marar maiƙo kamar busasshen burodi ko biskit, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, waya a ajiye ta. Citta tana taimaka wa wasu. Ma'aikata suna sanarwa ta lasifika kafin a fita buɗaɗɗen ruwa, kuma in ka je teburin karɓar baƙi da safe ka tambaya ƙarfe nawa za a shiga, ƙarfe nawa za a fita, za su gaya maka. Sanin cewa abin nan awa biyu ne ya wuce yana kwantar wa mutum hankali sosai, na sha ganin wanda ke kuka ya natsu don kawai an nuna masa taswira an ce ga inda tsibiri zai tare mana.

Amma gaskiya abin da ya fi ba ni tsoro ga mai shekarunta ba amai ba ne, faɗuwa ce. Amai yana wucewa, karayar ƙugu kuwa sai asibiti da tiyata a ƙasar da ba taku ba. Hannu ɗaya kullum a jikin ƙarfen riƙo, kada ta hau matakala da kofi a hannu, banda silifas mai santsi, banda wanka lokacin da jirgi ke rawa, alwala ma a yi ta a zaune in ana cikin igiya don ƙasan banɗaki in ya jiƙe ba shi da kirki. Ƙofofin fita waje masu nauyi ne, iska tana iya fizge su ta datse yatsa, kai za ka riƙa buɗe mata. Doguwar abaya ko zani mai jan ƙasa a ɗan ɗage shi a matakala, mayafi a ɗaure shi sosai a waje.

Dokokin cikin jirgi

Kafin a tashi dole kowa ya halarci bayanin tsaro, a Bergen tun a tasha ake yi. Dokar duniya ce ta kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, an ƙara tsaurara ta bayan hatsarin jirgin fasinja Costa Concordia na 2012. Ka fassara wa Hajiya da Hausa, ka nuna mata inda rigar ceto take da wurin taruwarku, yana rubuce a bayan ƙofar ɗaki, ku taka da ƙafa sau ɗaya daga ɗakin zuwa can. Ƙarar gaggawa gajerun busa bakwai ne sai doguwa ɗaya. In an ji, a sa kaya masu kauri, a ɗauki magani, a tafi wurin taruwa ta matakala ba ta lif ba.

Kayan da aka ce maka ba a bari, kusan duk saboda wuta ne, domin a jirgi gobara ta fi igiya haɗari. Ba a kunna kyandir, ba a shan taba sai a keɓaɓɓen wuri a waje, ba a jona dutsen guga ko abin dafa ruwa irin namu mai zoben ƙarfe ko ƙaramin risho a ɗaki. Ga wanda ya fi shafar iyayenmu mata: turaren wuta. Kada a kunna shi ko kaɗan, ko na gawayi ko kaskon lantarki, akwai na'urar gano hayaƙi a kowane ɗaki, tana kaɗawa har ɗakin tuƙi, ma'aikata su bar aikinsu su taho a guje. Na taɓa ganin haka ta faru da wata baiwar Allah, ba ta da wata mugun nufi, ɗakin kawai take son ya yi ƙamshi, amma ta ji kunya sosai ranar. Humra da turaren feshi ba matsala. Ka gaya mata tun ana haɗa jaka. Ba a tayar da jirgi marar matuƙi mai kyamara daga cikin jirgi, ba a jefa komai a ruwa.

Sai lokaci. Za a ba kowannenku kati, shi ne makullin ɗaki, shi ake dannawa a fita da shiga. Wasu tashoshin minti 10 ko 15 kacal ake tsayawa, a sauke kaya a ɗauki kaya a wuce, waɗannan kada ku sauka. Inda ake daɗewa kamar Trondheim, Bodø, Tromsø da Honningsvåg ku fita, amma ku dawo da sauran lokaci a hannu. Jirgin ba ya jiran kowa, ba wulaƙanci ba ne, mutanen garin gaba suna tsaye suna jiran kayansu da 'yan uwansu, wanda ya makara shi zai nemi hanyar cimma jirgi da kuɗinsa. Titunan garuruwan a Fabrairu ƙanƙara ce, ka saya mata robar nan mai ƙusoshin ƙarfe da ake sawa a ƙasan takalmi, sai dai a cire ta kafin a shiga cikin jirgi.

Kuma maganar kyaftin ita ce ta ƙarshe. In ya rufe farfajiyar waje an rufe, ko da hasken da kuka zo gani ya fito. In ya tsallake tasha, ko ya fasa wani yawon da kuka biya kamar na zuwa North Cape, dutsen da ke can ƙurewar arewa kusa da Honningsvåg, saboda an rufe hanya, babu gardama, sai a je teburin baƙi a ji yadda za a yi da kuɗin. Na ga masu tayar da jijiyar wuya a kan haka, ni kuwa duk ranar da kyaftin ya ce a jira daɗi nake ji. Trollfjord, siririyar mashigar ruwan nan tsakanin duwatsu da kake gani a hotuna, ba a shiga cikinta a hunturu saboda zaftarewar dusar ƙanƙara daga duwatsun, kada a sa rai da ita. Saboda irin wannan jinkiri, kada ka sa jirgin samanku na komawa ya matse da lokacin isowa, ka bar kwana guda a tsakani.

Lafiya: jiragen wannan layi ba su da likita a ciki tunda kullum suna kusa da gari, ma'aikata ne masu horon taimakon gaggawa, in abu ya yi tsanani a sauke mutum a tasha ko a kira jirgi mai saukar ungulu. Maganin hawan jininta ya zauna a jakar hannu, da ƙarin na wasu kwanaki. Bizar Shengen ɗinta ta Jamus ta isa shiga Nowe, inshorar da aka yi da ita ka duba ta shafi dukkan ƙasashen Shengen da dukkan kwanakin. In gudawa da amai suka kama ɗayanku ba a lokacin igiya ba, a sanar da ma'aikata a zauna a ɗaki, ciwon cikin nan mai yaɗuwa yana cinye jirgi cikin kwana biyu, wanke hannu da sabulu kafin shiga wurin cin abinci wajibi ne.

Sallah da abinci

A Fabrairu rana ta riga ta dawo, a Tromsø duhun da ba a ganin rana yana farawa ƙarshen Nuwamba ya ƙare tsakiyar Janairu, don haka akwai fitowar rana da faɗuwarta, wunin ne dai gajere, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa, kuma lokutan suna canzawa kullum tunda kuna ƙara yin arewa sannan gabas. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, amma jirgi yana juyawa kuma ƙarfen jirgin yana rikita kamfas na waya, ni taswirar da ke allon jirgi nake dubawa in ga inda ya dosa. Mafi sauƙi a daidaita sallah da lokacin da aka tsaya a tasha, tashoshin suna da yawa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yin sallah a zaune in tsayuwa ta gagara, da azumin matafiyi in watan ya faɗo cikin tafiyar, ku tambayi malaminku kafin ku taso. A Tromsø akwai masallacin Alnor in lokaci ya ba ku dama.

Abinci kifi ne ya fi yawa, kuma Fabrairu lokacin kamun kifin kod ne a Lofoten. Naman alade yana nan a teburin karin kumallo, wasu miyar ana sa musu giya, ka rubuta wa kamfanin tun wurin yin rajista cewa kifi da ganye kawai za ku ci, sannan ka sake faɗa wa shugaban masu hidimar abinci a daren farko. Ɗan yaji a jaka ba laifi.

In ni ne kai

Ba zan fara wa Hajiya da Bergen zuwa Kirkenes ba, kwana shida kenan da duk wuraren nan a ciki, ga wadda ba a san yadda jikinta zai karɓi ruwa ba. Ana sayar da tikitin tasha zuwa tasha. Zan hau jirgin sama zuwa Tromsø, mu kwana biyu ko uku a gari muna neman hasken daga ƙasa, tunda shi ma sai sama ta washe ake ganinsa kuma babu mai yi maka alƙawarinsa, sannan mu hau jirgin da ke gangarowa kudu. Yana barin Tromsø bayan tsakar dare, gari ya waye muku a Harstad, ku bi ta Risøyhamn da Sortland da Stokmarknes, ku ratsa mashigin Raftsundet, ku sauka Svolvær da yamma kafin a tsallaka Vestfjorden. Kusan duk a bayan tsibirai ne, kuma yana cikin wurare mafi kyau a dukkan hanyar. In ta ji daɗi jikinta bai ƙi ba, wata shekarar sai a yi doguwar, ko a watan Yuni da ruwa ya fi kwanciya. In kuma ka dage sai dukka a wannan karon, to ɗakin tsakiya, ganin likita, da takarda a aljihunka mai ɗauke da sa'o'in Stad, Hustadvika, Folda, Vestfjorden, Lopphavet da gaɓar Finnmark kamar yadda ma'aikatan jirgin za su ba ka. Ka gaishe min da Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.